Harbi Goma, Huda Tara

Wandona ne ya fara ba da kai a ranar, kuma gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Asabar ce ta ƙarshen watan Agusta, ina cikin rumfar surukina Teofil ina buga wa bindigarsa iska da famfon hannu. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka kamar buga tayar keke ne. Bugu talatin na farko wasa ne. Daga nan famfon sai ya fara ramawa, sai mutum ya ɗora duk nauyinsa a kai yana durƙusawa kamar mai neman gafara. Ni kuwa nauyin akwai, ƙarfin ne babu. A durƙuso na hamsin da wani abu na ji ƙyat daga baya, iska mai sanyi ta shiga inda ba a gayyace ta ba. Na dubi allurar famfon, tana kan ɗari da goma. Teofil ɗari biyu ya ce. Na dubi ƙofa, ba kowa. Na cire tiyo, na ɗaura rigar sanyina a ƙugu ta rufe abin kunya, na fito da bindigar ina haki.

"Ta cika?" in ji shi.

"Har ta ƙoshi, suruki. Kaɗan ya rage ta yi gyatsa."

Ƙaramar ƙarya ce, irin wadda mutum ke yi wa likita a kan yawan sigarin da yake sha. Na san kuma ba zai kama ni ba, don akwai dalili.

Teofil Bednarek mijin yayata Jadwiga ne, shekarunsa sittin da huɗu, kuma da harbi ya same ta. A bikin cocin ƙauyenmu na shekara-shekara masu rumfar harbi kan zo su jera furannin takarda a kan 'yan bututun yumɓu. Ka fasa bututu, fure naka ne. Kowa ya san da gangan suke karkata saitin bindigoginsu. Teofil yana saurayi ya ɓata harbi biyu yana karantar karkatar, sannan ya kakkaɓo fure goma sha ɗaya a jere, har mai rumfar ya karɓe bindigarsa ya ce ta gaji. Jadwiga ta koma gida rungume da furanni. Har yau uku daga ciki suna nan a bayan hoton Budurwa Maryamu, sun koɗe sun zama launin shayi.

Shekara ashirin da shida ya yi a kan injin sassaƙa ƙarfe a masana'antar sukari, kafin a rufe ta. A can ya bar idonsa na hagu. Wata rana da zafi ya cire tabaran aiki don ya share gumi, injin na juyawa, wani ɗan ɓarɓashin ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba ya tashi. Shi ke nan. Aka sa masa na gilas, wanda ya fi na gasken kyau, sai dai ba ya gani.

Tun daga ranar Teofil ba ya tsoron kare, ba ya tsoron tsawa, ba ya tsoron Jadwiga kamar yadda ya kamata. Abu ɗaya yake tsoro: ƙaramin abu mai tashi. Ko gyaɗa mai taurin ɓawo zai fasa sai ya sa tabarau. A ƙofar rumfarsa tabaran kariya shida ne rataye a ƙusa, duk wanda zai tsaya kusa da shi in yana harbi sai ya sa, har fada na cocinmu da ya zo sa wa gida albarka. Bindigarsa tana da agogon iska nata, amma masu ƙira sun dasa shi can gaba, daf da baki, yadda ba a karanta shi sai mutum ya kai fuskarsa inda harsashi ke fitowa. Teofil bai taɓa dubansa ba ko sau ɗaya. Allurar famfo yake bi. Ni kuwa ni na karanta masa allurar famfo.

Bindigar tasa mai ƙaramin ƙarfi ce, irin wadda doka ta yarda kowa ya ajiye ba tare da takarda ba. Ba ya harbin tsuntsu, ba ya harbin ɓera, takarda kawai. Harsashinsa na kullum shi ne mai ƙugu, ɗan mitsitsin dalma mai ƙirar kalangu, kai a gaba, ƙugu a tsakiya, bayansa a buɗe kamar siket, iska ta shiga ta tura shi, ta kuma riƙe shi kada ya juya. Sai ya wanke su da sabulun wanke-wanke, ya shanya a tawul, ya auna su ɗaya-ɗaya a sikelin da ya gada daga wani mai kantin magani, ya ware masu nauyi ɗaya a kwalbar zuma. Jadwiga ta ce da 'ya'yanta sun samu irin wannan wankan da ba su taɓa mura ba. Kuma yana da al'ada guda da ba ya karyawa: duk harbin da ya yi sai ya ƙirga hudarsa a takarda. Goma ya fita, goma zai gani, sannan ya tashi.

Sabon harsashin, dunƙule, ni na kawo. A ƙungiyar masu harbi ta garinmu matasa sun ishi kowa da zancensa, wai zamanin mai ƙugu ya wuce. Shi dunƙule gundumin dalma ne, ba ƙugu ba siket, ya fi nauyi, iska ba ta kaɗa shi. Bara a gasar kaka iska ce ta kayar da Teofil, ya zo na huɗu, ya yi mako guda ba ya cin kabejinsa da daɗi. Ranar bikin waliyyin da ya ci sunansa sai na kai masa gwangwani guda, na ɗaure da jan zare.

Ya juya ɗaya a tafin hannunsa. "Wannan abincin manyan bindigogi ne, Lucjan. Tawa ba ta da huhun tura shi."

"Tsoro kake ji, tsoho. Ka saba da mai siket."

"Ba na ƙin abu sai na gwada shi," ya ce. "Asabar ka zo. Kai za ka buga iska."

Lambunsa dogo ne siriri, kamar na kowa a layinmu. Daga teburin harbi zuwa ƙarshe mita arba'in da biyar. A can akwai akwatin ƙarfe cushe da tsummoki, inda yake liƙa takarda. Bayan akwatin bangon katako ne da ya kai ƙirji. Bayan bangon shinge, bayan shingen kuma itatuwan tuffa na Pani Melania, wato Uwargida Melania, maƙwabciyarsa, gwauruwa mai shekara tamanin da ɗaya, wadda ta dafa wa rabin ƙauyen abinci a makarantar firamare, ni ma har da ni. Suna da yarjejeniya tun shekara goma sha biyar: in Teofil ya ɗaura jan tsumma a kan shinge, ba ta sauka ƙasan lambunta sai ya kwance. A safiyar ya ɗaura, ya kira ta, ta amsa daga taga.

"Na gani, soja. Ka ci yaƙinka lafiya."

Ya fara da mai ƙugu. Fut daga nan, tas daga can, sau goma. Hudar ta haɗe wuri guda, farcen babban yatsa zai rufe ta. Ya je ya ƙirga gefuna, ya rubuta a littafinsa, ya liƙa sabuwar takarda, ya buɗe gwangwanina.

Tun a na farko ya ɓata fuska, don da ƙyar dunƙulen ya shiga bututu. Na farko ya tafi dama, na biyu hagu. Na uku ya isa a kwance, ya bar doguwar huda kamar ramin mabuɗi.

"Ka gani? Tuntsurawa yake a hanya. Ba shi da gudun da zai miƙe."

"Ɗan gari ne, suruki, yana gaisawa da mutane."

Daga na shida suka fara faɗuwa ƙasa. Na bakwai ya fi, na takwas ya fi. Teofil ya ɗauka nauyi ne ke ja, sai ya murɗa madubin saitin bindigar don ya ɗaga harbin. Na tara ya sauka can gefen takardar na ƙasa, ya sake murɗawa, wannan karon da yawa. Ya zura na goma da ƙarfin babban yatsa, ya kwantar da kunci, ya riƙe numfashi. Ni kuwa daidai lokacin na tuno labarin wani mahauci da surukarsa, na fara ba shi, ina dariya tun kafin in kai ƙarshe. Ya ja kunama a cikin dariyata.

Ba a ji tas ba.

Abin da aka ji, bayan kamar bugun zuciya biyu, ƙarar bokitin ƙarfe ce daga bayan shinge, sai wani abu dogo ya karta rassa ya faɗi. Sai karen Melania ya fara haushi, ba irin na baƙo ba, wani siriri mai maimaitawa.

Teofil bai ɗaga kai daga madubi ba. Leɓɓansa na motsi. Ya ƙirga hudar takardar daga sama zuwa ƙasa, tara. Ya ƙirga daga ƙasa zuwa sama, tara. Ya ɗan ɗaga bakin bindigar ya dubi saman bangon katako, ya ga sararin da ke tsakanin bangon da ganyen tuffa, ya tuna sau nawa ya murɗa madubin. A jikin reshe, sama da bangon da kamu biyu, wani farin ƙyalle na lilo. Ɗankwali ne.

Ya tashi. Mutumin da gwiwarsa ba ta yarda ya hau bas sai ya riƙe ƙarfe, shi ne ya haura shingen, ƙusa ta yage masa hannu bai sani ba. Abin da ke zuciyarsa a wannan gudun ba ɗan sanda ba ne, ba kotu ba ce. Nauyin dunƙulen ne, don shi ya auna shi da safe. Ya ninka ɓarɓashin da ya cire masa ido sau ɗari da wani abu.

Tana zaune a ƙasa cikin tuffan da suka warwatse, tsanin a kwance a gefenta, gashinta fari a barbaje. Hannunta na dama ya rufe idonta na dama. Jini siriri yana bin tsakanin yatsunta yana gangarowa zuwa gwiwar hannu.

"Pani Melania."

"Wani abu ne ya buge ni a ido, Teofil. Kamar an ɗosa mini garwashi. Ban ga komai ba, sai ji na yi."

Ya durƙusa. Ya san dokar, don an karanta masa ita shekara talatin da suka wuce, bayan ya riga ya karya ta: kada a murza, kada a danna, kada a ciro. Ya riƙe wuyan hannunta a hankali ya janye. Fatar idon ta kumbura ta rufe ruf, ta yi ja tana sheƙi, jini ya cika girar. Ba a ganin abin da ke ciki. Ya zaro kofin roba daga aljihun rigar aikinta, wanda take shan ruwa da shi, ya kifa a kan idon yadda ba zai taɓa ba, ya ɗaure da ɗankwalin da na ciro daga reshe. Fuskarsa ta koma launin toka, idon gilas ɗin ya fi na gasken rai.

"Lucjan, mota."

Ban yi wasa ba. Wannan ma ya kamata a rubuta a littafi.

Asibitin gari tafiyar minti ashirin da biyar ce. Ni ke tuƙi, su biyu a baya, ya tallafe mata kai kada ramin hanya ya girgiza ta. A wajen gada ya ce, da murya kamar ta mai karanta takarda:

"Pani Melania, ni ne. Harsashina ɗaya bai shiga akwati ba."

"Jan tsumman na gani, ɗana. Na ce bishiyar gefe ce, ba ta kan layinka. Tuffan sun nuna, suna ta zuba, kai kuma yaƙinka ba ya ƙarewa."

"Na ɗaga saiti. Da hannuna na ɗaga."

"Zan makance?"

Kowa a ƙauyen zai iya ce mata a'a don ya kwantar mata da hankali, ban da shi. Shi ya san yadda ake zuba shayi a gefen kofi wata shida kafin hannu ya koyi nisa, yadda ake tuntuɓe da matakala, yadda mutum ke fitowa daga ɓangaren da babu ido kamar daga cikin bango. Shi ya koya yana da shekara talatin da huɗu, da mata a gida. Ita tamanin da ɗaya, ita kaɗai, da matakala goma sha biyu zuwa ɗakin ajiyar dankalinta, kuma ɗaya idon ma yana da yana.

"Ban sani ba," ya ce.

Ta laluba ta kama hannunsa. Ita ce ke riƙe shi, ba shi ke riƙe ta ba.

A teburin karɓar marasa lafiya matar ta tambayi abin da ya faru. Na buɗe baki zan ce faɗuwa ce daga tsani, wadda ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Teofil ya riga ni. Ya ba da sunansa, da lambar gidansa, da irin bindigar, da nauyin harsashin, da nisan. Ya ciro dunƙule ɗaya daga aljihu ya ajiye a kan tebur don likita ya san abin da zai nema a hoto. Ya ce in akwai wanda ya kamata a kira, a kira, yana nan zaune ba inda zai je. Mutanen da ke layi suka ja da baya kaɗan.

Aka shiga da ita. Muka zauna a benci.

Wannan barandar ya sani. An sake fenti, an sa kujerun roba, amma tagar ƙarshe tana nan, da bishiyar da ya kalla da ido biyu karo na ƙarshe, ɗaya cikin jini. Ya kafa wa ƙofar ido. Duk lokacin da ta buɗe sai kafaɗunsa su tashi. Ya fara lissafi a zuci, ya kasa dainawa: murɗa takwas, kowace tana ɗaga harbi kaza a nisa kaza, a tara da tuntsurawar dunƙule, a cire tsawon bango. Kowace hanya ya bi, lissafin yana ƙarewa a tsayin matakala ta huɗu ta tsani. Ya tuna farantin da take cika masa da dankali fiye da na kowa yana ɗan makaranta. Ya tuna fure goma sha ɗaya, ya ji ƙyamar hannunsa.

"Suruki," na ce, "ƙila..."

"Yi shiru, Lucjan. Yau ɗaya."

Awa ɗaya da kwata. Sannan wata likita 'yar siririya ta fito da dunƙulen a tafin hannu.

"Wane ne Pan Bednarek?"

Ya miƙe, ya cire hularsa.

"Ga kayanka. Ba shi da ɗan'uwa a kan wannan baiwar Allah, mun ɗauki hoto ta gaba da ta gefe. Rina ce. Tana cikin tuffa tana shan zaƙi, aka kamo ta da hannu, ta sakar mata dafi a fatar ido. Jinin kuma reshe ne ya karce gira da ta faɗo. Ɗinki biyu. Idon lafiya lau, kwana uku kumburin zai sauka. Wuyan hannu ya ɗan gurɗe. A ɓoye mata tsanin nan."

Melania ta fito da farin bandeji a rabin fuska tana faɗan tuffanta da za su ruɓe a ƙasa, ta dube ni da ido ɗaya ta ce, "Lucek, me ka ɗaure a ƙugu cikin zafin nan kamar mai sabon haihuwa?" Na ce ado ne. Na juya in ga Teofil yana dariya.

Ba ya dariya. Yana kallon dunƙulen da ke hannunsa.

"To ina na goma?"

Da muka koma gida rana ta karkata. Jadwiga ta ɗumama miyar kabeji, bai zauna ba. Bayan lambun Melania akwai hanyar ƙasa da mutane ke bi da keke zuwa kogi, bayan hanyar akwai gidajen hutun ƙarshen mako na mutanen birni, da tagoginsu, da kujerunsu a waje. Abin da bai sami Melania ba wani wuri ya sauka. Ya bi bangon katako da yatsa, katako-katako. Ya bi shinge. Ya duba gindin kowace bishiya da rassanta. Ya tsallaka hanya yana ƙwanƙwasa ƙofofi, hula a hannu, yana tambaya ko kowa lafiya, ko gilas ya fashe, ko kaza ta faɗi. Suka yi ta kallonsa kamar mai taɓin hankali. Duk motar da ta wuce da sauri sai ya tsaya ya saurara ko jiniya ce.

Ni ina zaune a teburin harbi, wani abu na cin raina tun daga asibiti. Harsasan nan da suka yi ta faɗuwa ƙasa, na bakwai, na takwas, na tara. Nauyi ne, ko yunwar iska? Bindigar na nan a kan buhun yashinta inda ya bar ta. Na ce bari in duba agogon nan nata da sauri kafin ya dawo, in san girman ƙaryata. Na juyo ta, na kawo bakinta kusa. Rubutun ƙanana ne, na ture tabaran kariya zuwa goshi, na matso.

"Lucjan."

Bai ɗaga murya ba. Yana tsaye a tsakiyar lambu, hannu ɗaya a sama.

"Kada ka motsa yatsa ko ɗaya. Kau da kanka hagu. Kai, ba bindigar ba. A hankali."

Na kau da kai. Ya zo ta bayana ya karɓe ta, ya juya bakinta ga akwati. Sai na ga abin da ya hango daga nesa. Hannun ɗanawa a ja yake. Bayan harbi na goma, hannunsa da ya saba ya sake ɗana ta kafin bokiti ya faɗi, ya kuma tashi ya bar ta haka, abin da bai taɓa yi ba a shekara talatin. Ya riƙe, ya kwance ɗanin a hankali. 

"Me ya kai fuskarka wurin?"

"Agogon nake dubawa."

"Nawa ka gani?"

"Sittin."

Ya tsaya. Na ga lissafin yana tafiya a fuskarsa. Ɗari biyu, a cire harbi ashirin, bai kamata ta sauka ƙasa da ɗari da hamsin ba. Ya dube ni, ya dubi rigar da ke ƙuguna, ya dubi takardar mai huda tara da ke gangarowa ƙasa kamar matakala. Ya shiga rumfa ya fito da sandar goge bututu da farin tawul ɗin da yake shanya harsashi. Ya buɗe gindin bindigar, ya shimfiɗa tawul a ƙasa, ya tsaya a gefe ya zura sandar ta baki. Ba ta yi tsawon babban yatsa ba ta tsaya cak. A wurin bututun yake ɗan tsukewa. Ya bubbuga da tafin hannu, sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Sandar ta zarce. Wani ɗan abu mai launin toka ya faɗo kan tawul, gefensa duk zanen bututu.

Na goma bai taɓa barin gida ba. Iskar ta kawo shi har bakin ƙofa ta kasa fitar da shi, dariyata ta rufe ƙarar. Yana nan zaune duk yinin, yana kallon akwati, sannan na minti ɗaya yana kallon idona na dama daga nisan kamu guda, bindiga a ɗane, da sauran iska sittin a bayansa.

Teofil ya zauna a benci. Ya ɗauki dunƙulen ya ajiye a kan takardar, kusa da hudar ƙarshe. Ya ƙirga da yatsa a bayyane, har goma. Ya rufe idonsa na gaske, na gilas ɗin kuma ya ci gaba da kallon lambu. Ya daɗe haka. Daga bayan shinge muna jin Melania tana zagin rina da iyayenta, tana jefa tuffa a bokiti da hannu ɗaya.

Ni shiru ba ya zama a bakina. 

"Ka ga, suruki, in an bi ta gaskiya ni ne na ceci tsohuwar nan. Da na cika iskar, da ya fita, da saitin nan naka da ka ɗaga sama..." Na nuna littafinsa. "To a rubuta a littafi mana. Wa ya ci, mai ƙugu ko dunƙule?"

Ya buɗe ido. Ya rufe gwangwanina, ya ɗaure shi da jan zarensa, ya turo mini.

"Da ka cika iskar, da ban taɓa saitin ba. Ni ido ɗaya na rasa don na cire tabarau na minti guda. Kai biyu gare ka, har yau ban ga abin da suka tsinana maka ba: allura ba ka iya karantawa, bakin bindiga kuma ka leƙa. Tashi ka ɗauko famfo. Ɗari biyu, ina tsaye a kanka ina ƙirga. A gabanka zan tsaya, don abin da ke bayan nan ko da ido ɗaya ya yi mini yawa."